Hancin Jabbi

Shekara talatin da huɗu ina dillanci a Aliero,
bakin tasha, gindin darbejiyar nan.
Hancina ne sikelina.
In na shinshina bakin buhu
na san wadda za ta kai Ikko lafiya,
na san wadda za ta yi ruwa kafin Kwantagora,
ban da bukatar a zube ta ƙasa.

Da can farashi a bakina yake kwana.
Manomi ya zo daga Jiga da jakuna,
falke ya zo da kuɗi ɗaure a ƙugu,
ni ne kwalekwalen tsakani.
Wannan ya ce albarka, wancan ya ƙara,
in karɓi la'ada, in sayi goro,
a watse ba a ɓata wasa.

Yau ga Arzika ɗan Nomau,
yaron da na ci goron sunansa,
zaune kan buhunan ubansa
yana shafar gilashi da ɗan yatsa.
"Baba Jabbi, a Ikko ta tashi,
na tura hoto, har sun taya."
Mota guda ya sallama ban buɗe baki ba.
Kuɗin ma ban ga launinsu ba,
wayar ce ta yi ɗan tsaki a aljihu,
ya ce sun shigo daga nesa.

Ba ta yi halin ruwa ba, albasa.

Amma ba zan yi wa Allah ƙarya ba:
akwai shekarun da na san farashin kudu
na haɗiye shi da yawu,
Nomau ya koma gida da rabin guminsa
yana yi mini godiya.
Abin da na ɓoye a ƙarƙashin harshe
shi waya ta baje kamar shanya,
ni na san wa aka fasa.

Sai ga ranar da sabis ya ɗauke.
Kasuwa ta cika, ciniki ya tsaya,
attajirai na ɗaga hannu sama
kamar masu roƙon ruwa.
Hantsi mai na'urar cirar kuɗi
ta ce dubu goma sai ka bar ɗari biyar.
Na rayu har na ga ana sayen kuɗi da kuɗi,
mai miliyan ya nemi na shayi ya rasa.

Bayan kwana tara Arzika ya zo,
ya durƙusa, idonsa ja,
ba yankan albasa ya sa ba.
Motar ta isa, rabi ya ruɓe,
mai saye ya zabge kuɗin na gaba.
A hoto dai kowacce ja ce, tana ƙyalli.
Na karɓi wayar, na kai ta hanci,
ba ta warin komai, ko na ƙasa.

Yanzu da hantsi yakan zo ya ɗauke ni a babur.
Ni in shinshina, shi ya rubuta.
La'adata tana shiga wayar jikata,
ita ke ce mini na samu,
in ce to.
Ban sani ba ko ni na ɗauki yaro aiki
ko ni ne yaronsa.