Wata Goma Sha Takwas

Wata goma sha takwas aka ce, na sa hannu,
ban karanta ƙananan rubutun gindin takardar ba.
Aka ba ni riga shuɗiya mai tambari a ƙirji,
akwatin sanyi, littafi, da biro biyu.
Nakan shiga lungunan Nima da sassafe
tun Adiza mai koko ba ta sauke tukunya ba.

Na san Nima yadda harshe ya san baki.
Na san gidan da ake ɓoye jinjiri bayan buhun gawayi
da an ji sallamata a ƙofa.
Na san inda sai na sha ruwa, na gai da kaka, na tambayi awaki
kafin a miƙo mini cinyar yaro.
Ɗari huɗu da sha ɗaya.
Suna nan a littafi, kowa da sunan uwarsa.

Shekarar da babbar kwata ta tumbatsa,
amai da gudawa suka bi gida-gida kamar masu karɓar haraji,
ni da Naa Ayele kwana uku muka yi kan benci,
gishiri da sukari, sukari da gishiri,
har yatsuna suka yi yaushi.
Biyu suka tafi. Sauran suna makaranta,
ɗaya ma ya harare ni jiya don na tare masa ƙwallo.

Sai watannin suka cika.
Wani ya zo daga ofis cikin mota mai baƙin gilashi,
ya ce masu ba da kuɗin sun juya fuska wani wajen.
Ya yi godiya ƙwarai. Aka ɗauki hoto.
Suka karɓi akwatin, suka bar mini rigar.

Yanzu ga ni a shagon Issaka gaban kwamfuta,
sidi biyar awa guda, ina cike takardun neman gurbi:
ƙaro karatu a Legon, horon wata shida a Kigali,
aikin ƙirga sauro can arewa.
"Kawo shaidar gogewa ta shekara biyar."
Wa zai buga wa lungu hatimi?
"Faɗi abin da ya ja ka zuwa kiwon lafiyar jama'a."
Na rubuta Humu, 'yar wata tara,
da ta yi sanyi a hannuna kafin tasi ta iso.
Na goge.
Na rubuta: ina da sha'awa tun ina yaro.
Kafin in aika aka ɗauke wuta.

Baba ya ce, Tanimu, gwanjo na nan a Kantamanto,
ƙanenka ya gina ɗaki biyu da shi.
Na ce to. Ban je ba.
Naa Ayele ta haye teku, tana juya tsofaffin wasu a gado,
ta turo hoton ƙanƙara da ɗan abin sayen kati.
Ban ga laifinta ba.
In rijiya ta ƙafe, ba a ce guga ya ci amana.

Daren jiya, ƙarfe biyu saura, aka buga langalanga.
Lantana ce, ɗankwali a hannu:
"Malamin allura, taso, jikin Bawa kamar murhu."
Ba wanda ya gaya mata aikin ya ƙare.
Shi ma zazzaɓin ba a kai masa takarda ba.

Na laluba rigar a duhu.
Tambarin ya koɗe, wuyan ya saki,
amma karnukan lungu sun gane ta, suka yi shiru.
Na saɓa yaron, muka nufi asibitin Mamobi.

Yau ake rufe karɓar takardun Legon.
Sidi biyar ɗin Issaka na cika wa mai tasi.
Bawa ya sha koko cokali uku da hantsi.
Na buɗe littafin, biro ɗaya ya rage,
na rubuta kwanan wata.