Kaset Ɗin Kakuri

A garejin Dogara, bayan masaƙar da ta mutu,
muka tono akwatin kaset.
Ɓera ya ci kwalin, ya bar mana zaren.
Tanimu ya zura biro yana naɗewa
a hankali, kamar mai ɗaure cibiyar jariri.

Sai ga mu: samari huɗu da jitar aro,
tsirkiya ta biyar wayar birkin keke,
ganga a gaba, murya na bin ta da gudu,
can ƙasa jiniyar tashin ma'aikata
ta shigo waƙar ba gayyata.

Shekara talatin muna kankare wannan tsatsa.
Mun sayi kwamfuta ta gyara mana maƙogwaro,
mun yi wa masu kuɗi kiɗan biki a Barnawa
har miyarmu ta rasa daddawa.

Ishaya ba ya nan.
Sandunansa na nan, ɗaya ta tsage.
'Yarsa Kande ta ɗauka,
ta buga, ta riga mu da rabin taku,
daidai inda uban ke riga mu.
Ba wanda ya gyara mata.

Yatsuna sun yi laushi,
waya ta yanke ni a na tsakiya.
Dogara ya ce a sake daga farko.
Lasifika ta yi gurnani, aka ɗauke wuta,
muka ci gaba a duhu.

Mai shayin bakin layi ya leƙo,
furfura har gemu, rariya a hannu:
"Ashe ku ne?
Na ɗauka tare da masaƙa aka binne ku."