Ƙarin Wa'adi

Titinmu ya ƙare ne a gindin wani shinge mai ratsin ja da fari.
Bayan shingen ma akwai titi, amma a takarda yake,
da sunansa, da lambobin gidaje, har da bishiyoyi
waɗanda mai zane ya ɗiga da koren alƙalami.

Mu ne kashi na ɗaya. Gida goma sha tara
a gabas da Billings, inda iskar Montana
ba ta san sallama ba.
Kashi na biyu ciyawa ce.
Kashi na uku, ciyawa da barewa.

Daren Talata na tafi zauren hukumar tsara gari,
takarda a aljihu, na ninke ta huɗu,
faɗan shekara tara na rubuta a ciki.
Kujerun ƙarfe, shayin da ya huce,
dusar ƙanƙara na narkewa daga takalman mutane.

Halvorsen ya miƙe, hula a hannu.
Ranar da ya sayar mana da fuloti gashinsa baƙi ne wuluk.
Ya ce kuɗin ruwa ya hau, siminti ya yi tsada,
mai shimfiɗa bututun ya kwashe motocinsa ya yi Wyoming.
Wata ashirin da huɗu kawai yake roƙo.
Karo na uku ke nan yana cewa kawai.

Madam Odegaard ta leƙo ta saman tabarau:
Izinin zai mutu ƙarshen Maris. Akwai mai magana?

Maƙwabcina Kittredge ya yi ta zuba
kan fitilun da ba a kafa ba, da ruwan da ke kwanciya a ƙofarsa,
da filin wasan da aka nuna mana a hoto.
Gaskiyarsa. An ce alkawari kaya ne,
namu kuwa a bakin shingen nan aka sauke shi.
Linnea tana goye lokacin da aka ce za a kafa lilo.
Bana ta fi ƙarfin lilo, takalmina take sawa.

Sai aka kira sunana.

Na buɗe takardar, rubutun ya ƙi tashi.
Abin da ya zo mini shi ne famfon kashe gobara,
ja jawur, shi kaɗai a tsakiyar ciyawa,
yana gadin gidan da ba a haƙa harsashinsa ba.
A kansa wani tsuntsu mai rawayan ƙirji yake kiran asuba.
Na tuna guntuwar kwaltar da aka zuba aka manta,
inda yarinyar ta koyi keke, ba mota, ba ƙaho,
ta faɗi sau bakwai, ubanta na gudu a bayanta
a bazarar ƙarshe da ƙafarsa ta yarda da gudu.
Na tuna tsoho Strand, da ya sayar da gonar tuntuni,
amma duk Yuli sai ya zo da tarakta ya yanke ciyawar,
ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana.

In izinin ya mutu, wani zai saya,
mai zafin nama, wanda ba ya roƙon wa'adi.

Na ce: Ku ƙara masa.
Kittredge ya juyo ya dube ni kamar na ci amanar unguwa.
Wataƙila na ci.

Hannu huɗu suka tashi, ɗaya ya zauna a kan tebur.
Guduma ta sauka. Magatakarda ya soke kwanan wata,
ya rubuta wani a samansa, da ƙaramin rubutu.

A hanyar gida na wuce ƙofata, na kai mota har shingen,
na bar fitila a kunne.
Tutocin masu awo sun koɗe, suna ta kaɗawa.
A fuloti na arba'in da biyu,
daidai inda taswira ta ce ɗakin girki ne,
barewa uku na tsaye, suna kallona
kamar masu gida.