Mai Tsagaggen Kunne

Motarmu ta mace a gangare, kafin Maru.
Direba ya shige ƙarƙashinta yana zagin ƙarfe,
mu kuwa kowa ya nemi inuwar da za ta ishe shi.

Can na hango su, a makiyayar da ba mai kiwo yanzu:
jakuna tara, da jar goɗiya guda,
ɗanta na bin ta kamar bashi.
Ba mangala, ba dabaibayi.
Gashin da taiki ya cinye a gadon bayansu
duk ya tsiro.

Inna Kulu ta gyara goyon jikanta, ta ce,
"Na waɗanda suka tashi ne.
Daren da aka kwashi yara da tukwane,
wa ya tuna da turke?"

Sai ga aurakin nan mai tsagaggen kunne.
Ni na tsaga shi, da askar Baba Nomau,
shekarar da gero ya yi har muka ari rumbu.
Na yi masa fiton da nake yi a bakin rijiya.

Ya ɗaga kai, ciyawa na reto a leɓensa.
Ya dube ni irin duban da ake wa baƙon
da ya yi ɓatan kai, ya yi sallama.
Goɗiyar ta yi haniniya. Suka juya,
sabara ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku hau!" in ji yaron mota.
Har muka shiga Gusau hannuna a dunƙule yake,
kamar mai riƙe da igiya.