Audugar Dutse

Babana yana ƙirga taku daga gado zuwa ƙofa.
Bara sha huɗu ne, ba tsayawa.
Bana a na shida yake dafa bango,
ya jira ƙirjinsa ya ba shi izini.

Sunansa Gaolatlhe.
Shekara sha tara yana shiga cikin tsaunin bayan Kuruman,
ya fito da shuɗin dutse mai gashi.
Ka ɓare shi da farce, ya tsefe kamar auduga.
Wuta ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi.
Masu kamfani suna ce masa asbestos,
mu audugar dutse muka sani.

Ba wanda ya ce akwai dafi a ciki.
Mai ƙyanƙyami ya ɗaura tsumma a hanci,
a yi masa dariya.

Akwai hoto a saman rediyo, su goma sha ɗaya,
girarsu fari fat, kamar daga injin niƙa suka fito.
Baba yana bin su da yatsa:
Otsile, tari. Tshenolo, tari.
Hendrik mai tura baro, ruwa a huhu.
Dogon nan na gefe mota ce ta kaɗe shi,
shi ne, in ji Baba, ya mutu da iskarsa.

Innata Motlalepula ba ta taɓa sa ƙafa a rami ba.
Ran Asabar dai takan kakkaɓe rigar aikinsa a bayan ɗaki,
ƙura ta tashi tana walƙiya a hasken rana,
ni kuma in bi ta da gudu ina cafkewa.
Shekara talatin abin yana kwance a ƙirjinta
bai ko yi gyaran murya ba.
Da ya tashi, wata bakwai ya ba mu.

Na je ofishin diyya da takardar likita.
Magatakarda ya ce, ina lambar aikinta?
Na ce wanki take yi.
Ya duba takardarsa sama da ƙasa,
bai ga gurbin wanki ba.

An rufe ramin tun ina firamare.
Sun kewaye jujin da waya, sun kafa allo mai ƙoƙon kai.
Awaki ba su iya karatu ba,
iska kuma ba ta san waya ba.
Da wannan tarkacen aka cike ramukan hanyar makaranta,
da shi muka yaɓe bangon ɗakinmu,
don kyauta ne, kuma yana hana sanyi.

Duk wata uku nakan kai Baba asibiti.
Nas ta sa masa bututu a baki:
hura, Baba, hura, ƙara, ƙara!
Mutumin da ya taɓa ɗaukar buhu biyu a kafaɗa
yana kokawa da ɗan layi a fuskar na'ura.
Layin ya ɗaga kaɗan, ya zube.
Baba ya goge baki ya ce mata, yi haƙuri, 'yata,
sauran tana cikin tsauni.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta,
shafa wa naka ruwa.
To ni me zan shafa?
Ni ce Seipati, wadda ke zamiya a kan jujin
da guntun kwali, har wandona ya yi shuɗi.
Arba'in da shida nake yanzu.

Jiya da na hau tudun coci da bokitin ruwa
na tsaya a tsakiya.
Wataƙila nauyin bokitin ne.
Na ajiye shi, na juya wa gida baya
don kada Baba ya hango ta taga,
sai na ji bakina yana ƙirga.