Inda Na Yi Famfara

Shekara ashirin ina dariya a bayan tafin hannu.
A hoton makaranta, ni ce ta uku daga hagu,
baki a ɗinke
kamar wadda aka ba ajiyar sirri.

"Hansatu goro take ci," in ji 'yan ajinmu.
Ni da ko ɓare shi ban iya ba.
Na dirza gawayi, na dirza toka da gishiri,
na ci asuwaki har dasashi ya yi jini.
Na sayi wata hoda a Taminus
wurin mai lasifikar da ya rantse da kabarin kakarsa:
kwana uku ruwan randa ya gagare ni sha.

Ran Talata na kwashi adashi,
wanda na yi wa firji alkawari,
na tari Napep daga Dilimi
ruwan Agusta na dukan tampol.

Bene na biyu. Ƙamshin kanumfari.
Kujera ta kwanta da ni a hankali
kamar ta san daga inda na fito.
Dakta Nanbyen ta zura ɗan madubi, ta daɗe tana kallo.
"A ina kika girma?"
Na ce, nan Jos nake.
"Ba inda kike ba. Inda kika yi famfara."
Na ce, Langtang. Babana na da shagon yadi a bakin tasha.

Idanunta suka yi murmushi a saman takunkumi.
"Wannan ba dauɗa ba ce.
Rijiya ce ta sa hannu
tun haƙoran suna barci a cikin dasashi.
Zan rage. Amma ban yi miki alkawarin alli ba."

Aka bankare leɓɓana da roba,
aka yi wa dasashi katanga,
aka bi haƙora ɗaya-ɗaya da wani farin kirim
yadda maƙociyata ke bin yatsun amare da lalle.
Baƙin tabarau. Shuɗiyar fitila.
Minti goma sha biyar, sau uku,
ba magana, ba haɗiyar yawu sai da izini.

A cikin shuɗin nan na ga rijiyar:
bakinta na tsohuwar taya,
gugan roba mai yoyo ta gefe,
Inna ta ɗaure zane a ƙirji tana ja,
Tasi'u ƙanena yana kafa kai a bokiti
yana sha kamar ɗan maraƙi.
Ruwan yana da daɗi. Wallahi yana da daɗi.
Ba wanda ya ce mana
yana rubutu.

Wani tsami ya tsarga min har ƙwaƙwalwa,
na damƙe hannun kujera.
"Saura kaɗan," in ji ta.

Da madubi ya zo
sai na ga launin ƙasa ya koma na kindirmo,
ba fari fat ba,
fari irin na abin da ake ci.
Amma a haƙorin gaba, na hagu,
wani siririn zane ya ƙi tashi.

"Shi sai an lulluɓe. Kuɗinsa daban, in kina so."
Ta cire safar hannu,
ta sauke takunkumi,
ta yi min dariya da dukan bakinta.
Ga shi nan. Nata a dama.
"Gidanmu na bayan makarantar firamare," ta ce.
"Wataƙila guga ɗaya muka ja."

Kwana biyu ban da shayi, ban da zoɓo, ban da manja.
"Da goro," ta ƙara.
Na ce, Dakta, har ke?

A hanyar gida mai Napep ya faɗa rami,
ya ba ramin haƙuri.
Dariya ta taso,
hannuna ya tashi da kansa, tsohon maigadi,
ya kai ƙirji, ya tsaya.

Iskar Jos ta bugi haƙoran,
sanyi ya soke ni har kunne.
Ban rufe ba.