Mai Manjagara

Kafin ladan ya idar da kiran asuba
a ɗan masallacinmu na bayan injin wuta,
na riga na saɓa manjagara a kafaɗa.
Aikina ke nan a tsibirin nan: in shafe jiya.

Duk wanda ya taka rairayi cikin dare,
mai rawa, mai tangaɗi, mai neman ɗan kunnen da ya faɗi,
ni ke bin sawunsa ina gogewa,
don wanda ya biya dala dubu biyu kwana guda
ya buɗe ƙofa, ya yi miƙa,
ya ɗauka shi ne farkon zuwa duniya.

Manaja ya ce layuka su fita kamar kitso.
"Mauroof, kada ciyawar teku ta wayi gari a nan."
Ita kuwa ciyawa ina ta san manaja?
Teku ya aiko, ni in mayar masa,
kamar maƙwabta masu musayar kwanon tuwo.

Ɗakunan baƙi na tsaye kan turaku cikin ruwa,
daɓensu gilashi ne,
kana kwance kifi na gilmawa ƙarƙashin gadonka.
Shekara arba'in babana na bin kifin nan
da sanda da ƙugiya, daga Laamu har inda taurari suka kai shi.
Hasken ruwa ya cinye masa ido guda.
Ya mutu bai san ana biyan kuɗi a kalle su ba.

Akwai wata tsohuwa a ɗaki na sha bakwai,
Ingeborg, daga ƙasar da rana ke rowa.
Duk shekara tana zuwa, kujera biyu take sa a shimfiɗa,
tawul biyu, kwakwa biyu da tsinken zuƙa.
Ɗaya ta shanye.
Ɗayar ni ke ɗaukewa da yamma, cike, ta yi ɗumi.
Ban tambaya ba. Ba a ɗauke ni aikin tambaya ba.

Ran Talata na tarar da wani sawu
wanda ba na mai takalmi ba:
faffaɗa, kamar an ja buhu daga bakin ruwa,
ya haura, ya ratsa tsakanin laimomi,
ya tsaya daidai ƙarƙashin kujerar da ba mai zama.
Kunkurun teku ce ta zo ta binne ƙwai ta koma.

Na tsaya, manjagara a hannu.
Sai ga tsohuwar, ba takalmi, gashi a barbaje.
Ta dubi sawun, ta dubi haƙoran ƙarfen da nake riƙe.
Ba ta jin Dhivehi, ni kuma bakinta ya fi ƙarfina.
Ta ɗora yatsa a leɓe.
Na jingine manjagara jikin kwakwa,
muka zauna a ƙasa, kamar masu zaman makoki,
ko masu jiran haihuwa, ban tantance ba,
har jirgin sama mai sauka kan ruwa ya kawo sababbin baƙi.

An yanke mini ladan yini guda.
Daga baya aka kafa igiya da allo,
baƙi na layi suna ɗaukar hoto,
manaja na bayani kamar shi ya saka ƙwan.

Wata uku-uku nake zuwa gida,
awa huɗu a kwale-kwale in ruwa ya kwanta.
Can ba mai share rairayi.
Sawun Areesha, 'yata, na nan birjik har bakin rijiya,
na kaji, na keke, na akuyar maƙwabci.
Sai dai bara ruwa ya ci katangar maƙabarta,
bana buhunan yashi ne tsakaninsa da kabarin baba.

Ni da teku sana'armu ɗaya.
Shi dai ba ya jiran albashi,
kuma in ya fara shara
ba ya tsayawa iya sawu.